Nauyin ruwa ya murƙushe Titan, amma kifi na yawonsa a zurfin da ya ninka nasa. Yaya aka yi?

Ɗan Kallo ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun haɗarin Titan, ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwan nan da ya ɗauki mutum biyar zuwa kallon ɓuraguzan Titanic a watan Yunin 2023. Titanic na kwance ne a zurfin kimanin mita 3,800 cikin Tekun Atlantika, kuma Titan bai ma ƙarasa ba ruwa ya murƙushe shi, babu wanda ya tsira.

To kuma sai na ji an ɗauki bidiyon wani kifi a zurfin mita 8,336 kusa da Japan a 2022. Ninki biyu har da ɗoriya ke nan. Kifin kuwa ko ɓawo ba shi da shi, jikinsa laushi tuɓus. Yaya abin da ya fi ƙarfin ƙarfe zai bar nama? Masana a taimaka, amma don Allah a yi mini bayanin da zan gane, ni ba ɗan kimiyya ba ne.

Malam Mai Alli ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Tambayar ta yi kyau, sai dai ka ɗora ta a kan ƙarfi, alhali maganar ta iska ce.

Duk mita 10 da ka nutsa, nauyin da ke kanka yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da muke ɗauke da ita a doron ƙasa. A wurin Titanic ya ninka kusan sau 380. A Challenger Deep, wuri mafi zurfi da aka sani, cikin ramin Mariana a yammacin Tekun Fasifik, wanda ya kusa mita 11,000, ya haura ninki 1,000. Wurin da bai wuce faɗin farcenka ba yana ɗauke da sama da tan guda.

Ka samu gorar roba biyu, ɗaya ka cika ta taf da ruwa, ɗayar ka bar ta fayau, ka rufe su duka ka matsa. Fayau ɗin ce za ta loɓa, domin iska tana matsuwa, shi kuwa ruwa da ƙyar yake matsuwa. Titan ɗaki ne cike da iska irin ta sama, saboda mutanen ciki su yi numfashi, don haka bangonsa shi kaɗai ke tare duk wannan nauyin. Kifin kuwa kusan duk jikinsa ruwa ne, nauyin ciki daidai yake da na waje, babu abin da zai loɓa. Irin wannan kifin ba shi ma da jakar iskar nan da kifayen sama suke da ita don daidaita kansu a ruwa.

Kuma ba wai ɗan Adam ya kasa ƙera abin da zai jure ba. Tun ranar 23 ga Janairun 1960 Jacques Piccard ɗan Suwizalan da Don Walsh na sojan ruwan Amurka suka sauka har Challenger Deep cikin wani jirgin ƙarƙashin ruwa mai suna Trieste. Sun zauna ne cikin dunƙulallen ƙarfe mai kaurin fiye da santimita 12, kuma siffar ƙwallo tana raba nauyi daidai ta kowane gefe. Titan dogo ne, gangar jikinsa kuma da zaren kabon aka yi ta. A ganina wannan zaɓin ganganci ne, ba ƙaddara kaɗai ba.

Uwar Ɗakin Gwaji ta amsa:

Allah ya gafarta Malam, bayanin ya fito, amma ka sauƙaƙa wa kifin lamarin fiye da kima. Shi ma yana jin jiki, a inda ido ba ya gani. Matsin yana lanƙwasa sinadaran furotin da ke gudanar da aikin jiki, su daina aiki. Maganin da kifayen zurfi suke da shi wani sinadari ne da ake kira TMAO, mai riƙe furotin a siffarsa. Iya zurfin da kifi yake zama, iya yawan sinadarin a namansa. Amma abin yana da iyaka: in ya yi yawa, ruwan jikin kifin zai fi na teku kauri, sai ruwa ya riƙa kwarara cikinsa. Lissafin masana ya ajiye iyakar tsakanin mita 8,200 da 8,400, kun ga kifin Japan ɗin a bakin iyaka yake zaune. Ƙasa da nan sai ƙananan halittu dangin jatan lande da ire-irensu. Shi ya sa har yau masana ba su yarda da maganar Piccard ba, da ya ce ya hango kifi a can ƙasan Mariana.

Ni ma abin da ya fi ɗaure mini kai ba nauyin ba ne, abinci ne. Daga mita 200 haske bai isa tsiro ya rayu ba, daga mita 1,000 kuwa duhu ne ƙirin, ga sanyi da bai wuce digiri 4 ba. Yawancin mazauna can suna jiran ɓurɓushin da ke zubowa daga sama ne, matattun ƙananan halittu da kashinsu. In aka yi sa'a mushen whale, ƙatuwar dabbar tekun nan mai kama da kifi, ya faɗo, halittu kan shafe shekaru suna ci. A ƙarni na 19 wani masanin halittu mai suna Edward Forbes ya ce babu rai a zurfin da ya wuce kimanin mita 550, kuma da wannan lissafin ba za ka ga laifinsa ba.

Sai a 1977 jirgin Alvin ya sauka kusa da tsibiran Galapagos, zurfin kimanin mita 2,500, ya tarar da maɓuɓɓugan ruwan ɗumi, kewaye da su cincirindon halittu. Akwai tsutsa da ke kai mita 2, ba baki ba hanji. Bakteriya ce a cikin jikinta take haɗa mata abinci daga sinadarin farar wuta da ke fitowa daga ƙasa. Daga baya aka gano wasu maɓuɓɓugan da zafinsu ya haura digiri 350, ruwan kuma ba ya tafasa saboda wancan nauyin da muke magana a kai.

Sarkin Gardama ya amsa:

Malam, ban gamsu ba. In iska ce matsalar, whale fa? Huhu gare shi, kuma an auna wani nau'insa ya nutsa mita 2,992. Me ya hana shi loɓawa?

Malam Mai Alli ya amsa:

Ai yana loɓawa, ranka ya daɗe, da gangan ma. Haƙarƙarinsa yana lanƙwasuwa, huhun ya tsuke, in ya taso ya sake buɗewa. Iskar da yake amfani da ita a can yana ajiye ta ne a jini da tsoka, shi ya sa namansa ya yi duhu sosai. Jirgi ba shi da wannan damar, in ya loɓa sau ɗaya shi ke nan.

Hajiya, na karɓi ƙarin, maganar furotin fagenki ne.

Ɗan Kallo ya amsa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Saura ɗaya: in aka fito da irin wannan kifin sama, fashewa zai yi?

Uwar Ɗakin Gwaji ta amsa:

Mai jakar iska ne ke shan wuya. In aka jawo shi da sauri iskar ta kumbura, idanu su fito, tumbi ya leƙo ta baki. Wanda ba shi da ita ba ya fashewa, amma jikinsa yakan saki ya lalace, kuma ɗumin ruwan sama kaɗai ya isa ya kashe shi. Saboda haka masu bincike suka ƙera akwatuna masu riƙe nauyi da sanyi, su rufe halittar tun a ƙasa kafin su hau da ita.