Dogon harsashi ko dunƙulen dalma? Abin da ya faru a gurup jiya da dare

Malamin Fiziks: Salam jama'a, raina a ɓace yake wallahi. A majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura na ce dogon harsashin dalma mai nauyi ya fi dunƙulalle riƙe gudu in an harba nesa, aka bushe mani da dariya wai ai mai nauyi shi ke fara faɗuwa. To akwai lissafi, balistik kofishan, wato ƙarfin ratsa iska. Ka maida nauyin zuwa fam, giren 7000 ne fam ɗaya, ka raba da kaurin sau kaurin, sannan ka duba siffar bakinsa. Harsashin bindigar Whitworth ta Ingila giren 530, kauri inci 0.451, ya ba ka 0.37. Dunƙule mai inci 0.490 giren 177, da ƙyar 0.11. Mai son tabbaci ya sa na'urar auna gudu a bakin bindiga, wata a yadi 100, ya ga nawa iska ta cinye. Ba harba-rugarmu nake nufi ba fa.

Jikan Maharbi: Harba-ruga?? Malam ka janye. Kakana shekara da shekaru yana farauta da ita bai taɓa rugawa ba. Sunanta bindigar toka.

Ɗan Daura: Adaka dai muka ji manya na cewa.

Jikan Maharbi: Kai wa ya sa da kai, baƙon gurup

Ɗan Daura: Baƙo? Zo Hawan Magajiya ka ji yadda 'yan bindigar sarki ke ɗura albarushi, ƙasa har girgiza take, ba irin tas-tas ɗin Ƙofar Soro ta Katsina ba 😂

Hajiyar gurup: Don Allah ku daina cewa 'yan bindiga, gabana faɗuwa yake, kun san halin da ƙauyukanmu ke ciki.

Ɗan Daura: Hajiya ai sunan nasu ne tun kafin ɓarayin daji su ɓata shi.

Malamin Fiziks: Jama'a lissafin fa? 1874 a gasar harbi ta filin Creedmoor a Amurka, 'yan Ailan sun zo da bindigar Rigby mai ɗuri ta baki, aka yi harbin yadi 800, 900 da 1000. Amurka 934, Ailan 931.

Jikan Maharbi: Au ashe ma kaye suka sha

Malamin Fiziks: Ɗayansu ne ya harbi allon da ba nashi ba!

Bakanike: Ni tambayata, tamu bututun sumul yake ba zane a ciki, Whitworth kuwa harsashin juyi ɗaya yake duk inci 20. Ba juyi ai dogon harsashi tungura zai dinga yi a iska, ina amfanin 0.37 ɗin?

Jikan Maharbi: Bakanike bari wannan, ya janye harba-ruga tukun.

Malamin Fiziks: Yallaɓai ba ni na raɗa mata ba.

Admin: To ya isa haka, sha biyu ta wuce. Abin da na fahimta: Malam ya kawo lambobin Turawa amma bai taɓa riƙe bindiga ba, kuma ya ci mutuncin maharba, gobe ya ba da haƙuri. Sunanta bindigar toka. Maganar ƙara kuwa kowa ya san ta Katsina ta fi. Na rufe gurup sai da safe.