Hango siraran bututu tsakanin ƙwayoyin ciwon daji (kansa)

Ɗaliban likitanci a Yamai sun tattauna da malamarsu kan siraran bututun da ƙwayoyin kansa ke miƙa wa juna, irin waɗanda aka fara bayyanawa a 2004. Yawanci sun ce a kalli ƙwayoyin da ransu, don bututun ba su da ƙwari: girgiza farantin da ake renon ƙwayoyin a ciki, haske mai ƙarfi ko maganin sandararwa (wanda ake daskarar da ƙwayoyi da shi don adana su) duk suna tsinka su.

Malama ta nace a ɗauki hoto hawa-hawa da madubin konfokal (madubin ƙara girman ƙananan abubuwa mai aiki da hasken leza), domin bututun gaske a rataye yake, ba ya taɓa gindin faranti. A ganina wannan ya fi komai muhimmanci. Sai a rina rukunin ƙwayoyi biyu da launi daban-daban, a duba ko mitokondiriya (sassan da ke samar wa ƙwaya ƙarfi) na ƙetarawa daga wannan zuwa wancan.