Muhawara: Shin Saƙon Lantarki Ne Ke Sa Jijiyar Idon Kifi Ta Sake Tofowa?

Malam Habibu, Agege: Assalamu alaikum. Ana cewa idan aka yanke jijiyar idon kifi, saƙonnin lantarkin da ido ke aikawa ƙwaƙwalwa su ne ke sa ta sake tofowa har kifin ya koma gani. Ni dai na gamsu da wannan magana, kuma ta shafe ni, domin hawan jinin ido ya lalata wa mahaifiyata jijiyar ido ɗaya.

Dokta Zainab, Idi-Araba: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ba Mama lafiya. Tofowar gaskiya ce, amma ban yarda cewa lantarki ne tushenta ba. Tun a shekarun 1940 masanin jijiyoyi Roger Sperry ya juya idon kwaɗo sama ta koma ƙasa, ya yanke jijiyar, kuma bayan ta tofo sai kwaɗon ya riƙa kai wa ƙuda hari ta inda ƙudan ba ya nan, bai kuma taɓa gyara kuskuren ba. A 1963 shi da abokiyar bincikensa Attardi suka cire wani sashe na tantanin gani a idon kifin zinariya, sai zaruruwan jijiyar ido da suka rage suka tsallake guraben da babu kowa a tektum, wato cibiyar gani ta ƙwaƙwalwar kifi, suka nufi mazauninsu na asali. Alamomin sinadari ne ke yi musu jagora, kuma a 1995 aka gano wasu daga cikinsu, waɗanda ake kira efrin.

Nasiru, Mile 12: Anti Zainab, ki gafarce ni, labarin bai ƙare a kan Sperry ba. A 1983 John Schmidt da Edwards, da kuma Ronald Meyer a nasa ɓangaren, sun riƙa zuba tetrodotoksin, dafin kifin nan da ke kumbura jikinsa, a cikin idon kifin zinariya lokacin da jijiyar ke tofowa. Wannan dafi yana toshe ƙofofin sodiyam da jijiya ke aika saƙo da su, saboda haka babu saƙon da ke fita daga idon. Zaruruwan sun isa tektum, sun kuma sauka kusa da inda ya kamata, amma taswirar gani, wato tsarin da kowane zare ke sauka a gurbinsa a tektum, ta zauna a baje, ba ta daidaitu ba. Kamar baƙo ne da aka yi wa kwatance ya sauka daidai a Agege, amma ya kasa gane ƙofar gidan da zai shiga.

Malam Habibu: To ai ka goyi bayana ke nan, Nasiru.

Dokta Zainab: Bai goyi bayanka ba, Malam, domin ka ce lantarki ke sa jijiyar ta tofo, shi kuwa ya nuna cewa ta tofo ba tare da shi ba, tacewar ƙarshe ta taswirar ce ta gagara. Akwai ma gwajin da ya fi wannan burge ni. Schmidt da Eisele a 1985 sun ajiye kifayen ƙarƙashin fitila mai walƙiya, wadda ke sa dukkan ƙwayoyin tantanin gani su aika saƙo a lokaci guda. Saƙo na nan da yawa, amma taswirar ba ta tacu ba. Dalili shi ne, a cikin hasken yau da kullum ƙwayoyin da ke maƙwabtaka su ne ke aika saƙo tare, kuma da wannan daidaituwa ƙwaƙwalwa ke gane maƙwabta, ta ƙarfafa mahaɗarsu, ta zubar da rassan da suka ɓace hanya. Da aka toshe wasu masu karɓar saƙo na ƙwayoyin jijiya da ake kira NMDA a tektum, tacewar ta sake tsayawa. Ke nan tsarin saƙon ne ke aiki, ba yawansa ba.

Alhaji Garba, Obalende: Dokta, kin raba tofowa da tacewa kamar babu abin da ya haɗa su, ni kuwa ban ga haka ba. Edwards da Bernice Grafstein sun ruwaito a 1983 cewa wannan dafin yana kawo cikas ga ita kanta tofowar a kifin zinariya. Sannan a 2016 ayarin Andrew Huberman ya nuna cewa a ɓeraye, ƙara wa ƙwayoyin ido aiki tare da zaburar da wata hanyar girma ta cikin ƙwayoyin da ake kira mTOR ya sa wasu zaruruwa suka tofo har cikin ƙwaƙwalwa.

Dokta Zainab: Na karɓi gyaranku, ranka ya daɗe, lantarki yana taimaka wa tofowar. Amma taimako daban, zama tushe daban. Waɗancan ɓerayen sai da aka taɓa ƙwayoyin halittarsu, kuma ganin da ya dawo kaɗan ne. Malam Habibu, jijiyar idon ɗan Adam tana ɗauke da zaruruwa fiye da miliyan ɗaya, kuma waɗanda hawan jinin ido ya kashe ba sa dawowa, don haka kada wani ya sa Mama kallon fitila ko rana da sunan motsa jijiya. A kula da idon da ya rage, a riƙa ɗiga maganin a kan lokaci, a kuma riƙa kai ta awo.

Malam Habibu: Na gode, Dokta, za mu kiyaye. Na janye kalmar "tushe", amma ina nan a kan cewa kifin da taswirarsa ba ta tacu ba, ba za a ce ya warke ba.