Mai rabo ya addabe ni da satar bilayin, me ke aiki?

Ɗan Jega: Salamu alaikum. A gasar foka (wani wasan kati) ta kyauta, irin wadda ake bugawa da kwabban bogi ba kuɗi ba, akwai masu ɗagawa duk lokacin da suka zauna kujerar mai rabo, wato mai raba kati, don su kwashe bilayin, wato kwabban dole da mutum biyun da ke bin sa ke sawa kafin a raba kati. Ku da kuka daɗe a harkar, me ake yi musu?

Malamin Argungu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, fara da lissafi. Babban bilayin 1, ante (ƙarin kwabban dole) 1, ƙaramin bilayin 0.5. Mai rabo ya ɗaga zuwa 2.2, mai ƙaramin ya zubar da katinsa. A tsakiya akwai 4.7, kai kuma, mai babban bilayin, 1.2 kawai za ka cika. 1.2 cikin 5.9 kusan kashi 20 cikin 100 ne, wato ko sau ɗaya cikin biyar kake ci, ba ka faɗi ba. Shi kuwa ya sa 2.2 don ya ɗauki 2.5. In kuna zubarwa fiye da kashi 47, ko wane tarkace ya riƙe riba ce gare shi. Saboda haka kati 8 da 6 iri ɗaya, wato masu alama ɗaya, K da 5 iri ɗaya, J da 9, duk abin bi ne.

Na Yawuri: Gaskiya ne Malam, amma wanga lissafi yana ruɗin yara. Bayan an buɗe kati uku, kai ne ke fara magana, shi yana bayanka yana kallo. Kuma hannun da ba tagwaye ba, kusan sau biyu cikin uku ba ya haɗuwa da komai. Ka bi da Q da 3 mabambanta, ka sami 3 ɗinka, ka kasa saki, nan kwabbai ke tafiya. Masu iri ɗaya da masu jere su ne ke riƙe ƙimarsu. In ka sami huɗu iri ɗaya, kati 9 ke cika maka biyar, kusan kashi 35 ke nan zuwa na ƙarshe. A nan ka yi shiru, ya sa, ka ɗaga a kansa.

Hajiyar Zuru: Ku duba tarin kwabban da ke gabanku tukuna. Tsakanin bilayin 15 zuwa 20, bi kawai ɓarna ce ga wasu hannaye. Katin A da 5 iri ɗaya, tagwayen 4, K da J: zuba duka. Mai ɗagawa da rabin katunan duniya ba ya iya amsawa da yawancinsu, kai kuma ka ƙaru da 4.7 ba tare da an buɗe komai ba.

Na Yawuri: Ban da ƙaramin bilayin, Hajiya, can bi ya fi muni. Akwai mutum bayanka da zai iya ɗagawa ya matse ku duka. Ko ka sake ɗagawa, ko ka zubar.

Malamin Argungu: Haka ne. Kuma in saura mutum biyu ko uku a shiga sahun masu matsayi, mai tarin da ya fi naka ne ke satar, rage faɗa, bari masu bilayin 4 su fita. Ɗan Jega, ka ƙirga shi zagaye goma kafin ka kira shi ɓarawo, sau uku ba hujja ba ce.

Hajiyar Zuru: Ka kuma lura da sabis. In ya ɗauke, lokacinka ya ƙare, manhajar ke zubar maka da kati, ante kuma na ci gaba da fita.