Muhawara: Shin Na'urar Tace Iska Mai Tsada Ta Cancanci Kuɗinta a Gidajen Abuja?

Alhaji, mazaunin Gwarinpa:
Assalamu alaikum. Maganar da nake so mu tattauna ita ce ta na'urar tace iska ta cikin gida, kuma matsayina a kanta a fili yake: duk mai hali a garin nan, musamman wanda yake da ƙananan yara ko tsofaffi a gida, ya kamata ya sayi babba mai tsada, domin ƙananan da ake jibgewa a kasuwa ba su wuce fanka da aka yi wa kwalliya ba. Wadda nake nufi kuɗinta ya haura naira miliyan ɗaya. Tana da filta irin ta HEPA, wadda ƙa'idarta ita ce ta kama kashi 99.97 cikin ɗari na ɓurɓushin da girmansa ya kai maikiron 0.3 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), tana da sashen gawayi domin wari, tana kuma nuna yanayin iskar ɗaki a kan allo. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso mana ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, hazo ya lulluɓe gari har Dutsen Aso ya ɓace wa mai hangensa daga nesa, kuma wannan ƙurar ce 'ya'yanmu suke shaƙa suna barci. Ban ga yadda za a ce kuɗin da aka kashe domin kare huhun iyali ya yi yawa ba.

Injiniya, mazaunin Kubwa:
Wa alaikumus salam. Ranka ya daɗe Alhaji, ban yi jayayya da ku a kan illar ƙura ba, amma adadin nan na 99.97 da kuka kawo bayanin filta ne ita kaɗai, ba bayanin ɗaki ba ne. Yana faɗa mana abin da ke faruwa da iskar da ta ratsa filtar, bai faɗa mana yawan iskar da ke ratsa ta ba, alhali kuwa a nan ne amfanin na'urar yake. Abin da ya kamata mai saye ya nema a jikin kwali shi ne adadin da ake rubutawa da haruffan CADR, wato yawan tsabtatacciyar iskar da na'urar ke fitarwa a awa ɗaya.

Lissafin ba shi da wuya. Ɗakin kwana mai tsawon mita 5, faɗin mita 4, da rufi mai tsayin mita 3, yana ɗauke da iska kubik mita 60. A shekarar 2023 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da shawarar a riƙa sauya ko tace iskar wurin da mutane ke zaune aƙalla sau 5 a awa, saboda haka wannan ɗakin yana buƙatar na'urar da ke ba da kusan kubik mita 300 a awa. Akwai na'urori masu matsakaicin farashi da ke kaiwa wannan adadi da filtar HEPA ta gaskiya, akwai kuma masu tsada ƙwarai da ba su wuce shi sosai ba, domin kaso mai yawa na kuɗinsu ya tafi ne ga allo, da manhajar waya, da kyan ƙira. Sannan akwai abin da tallace-tallace ba sa so a lura da shi: adadin da ke kan kwali na gudu mafi ƙarfi ne, kuma a wannan gudun ƙarar takan hana barci, sai mai gida ya mayar da ita ƙasa da dare, iskar da take tacewa ta ragu ƙwarai a daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Falon Alhaji kuwa, in irin faloloin Gwarinpa ne masu haɗe da wurin cin abinci da matakala, na'ura ɗaya komai tsadarta ba za ta iya da shi ba, kuma biyu masu matsakaicin farashi a ɗakunan kwana biyu sun fi ta amfani.

Mai shagon kayan lantarki, kasuwar Wuse:
Injiniya ya faɗi gaskiya a kan lissafi, amma akwai abin da lissafi ba ya nunawa, wanda mu da ke buɗe na'urorin nan muke gani. Da yawa daga masu arha ana rubuta HEPA a jikinsu alhali takardar da ke ciki ba ta kai wannan matsayi ba, wasu kuma filtar tana da kyau amma ba ta zauna daram a gurbinta ba, sai iska ta bi gefe ta fita da ƙurarta. Masu tsada na kirki suna da roba da ke like gefen filtar, kuma sukan rubuta matsayinta na ƙa'idar Turai, H13 ko H14, inda H13 ke nufin kashi 99.95 cikin ɗari. Injinsu ma ya fi jure aiki dare da rana. Saboda haka ban yarda a ce bambancin farashin duk kwalliya ba ne. Shawarar da nake ba kowa, ko mai tsada zai saya ko mai arha, ita ce ya haɗa ta da abin daidaita ƙarfin wuta, domin hawa da saukar wutar da muke fama da shi yana ƙona allon na'urar, kuma na masu tsada ya fi wuyar samu.

Ma'aikaciyar jinya, Garki:
Ina so in yi magana ta ɓangaren lafiya, domin a nan ne nake jin tsoron yadda ake tallan waɗannan na'urori. Alhaji, Allah ya ƙara girma, damuwarku tana da tushe. Ɓurɓushin da bai kai maikiron 2.5 ba yana shiga can cikin huhu, kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaurara ma'auninta na yawansa a cikin iska, ta mayar da shi maikirogiram 5 a kowace kubik mita a matsakaicin shekara, da 15 a matsakaicin yini guda. Rage wannan ɓurɓushi a ɗakin mai asma ko tsoho mai ciwon zuciya abu ne mai kyau, ba na musu.

Sai dai filtar HEPA ɓurɓushi take kamawa, ba ta kama iskar gas. Hayaƙin janareta yana ɗauke da kabon monoksaid, wanda ba shi da launi ba shi da wari, kuma shi ne yake kashe iyalai a cikin barci a ƙasar nan. Babu na'urar tace iska ta gida, komai tsadarta, da za ta cire shi, sashen gawayin ma ba aikinsa ba ne. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne mutum ya ga allo ya nuna kore ya ɗauka iskar ɗakinsa lafiya lau take, ya rufe tagogi ruf, alhali janareta yana aiki a baranda ko a ƙarƙashin taga. Maganin wannan shi ne a nisanta janareta daga gini, a kuma saka ƙaramar na'urar da ke ƙara idan gas ɗin ya taru, wadda kuɗinta bai kama ƙafar na waccan ba. Haka nan na ji ana cewa na'urar tace iska tana kare yara daga sanƙarau a lokacin rani. Rigakafin sanƙarau allura ce, kuma kada wanda ya bar ta saboda ya sayi na'ura. Mai asma kuma kada ya ajiye maganin shaƙarsa. Abu na ƙarshe, wasu na'urori suna da maɓallin da ke fitar da iskar gas mai suna ozon ko wani abu mai kama da shi da sunan kashe ƙwayoyin cuta, alhali ozon yana cutar da hanyar numfashi. Shi ya sa jihar Kalifoniya ta Amurka ta hana sayar da wadda ke fitar da shi fiye da 0.05 cikin miliyan. In na'urarku tana da wannan maɓalli, gara a bar shi a kashe.

Malamin makaranta, Nyanya:
Ni tambayata ta fi ta kowa sauƙi: da wace wuta za ta yi aiki? Na'urar da ba ta juyawa ba ta tace komai, kuma a unguwanni irin namu ana iya ɗauke wuta a yini guda fiye da yadda ake kawo ta. Idan kuma za a tayar da janareta domin a kunna na'urar tace iska, to an ƙara hayaƙi a harabar gida domin a rage ƙura a ɗaki. Bayan haka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a 2020, kuma tushenta girki ne da itace, da gawayi, da kananzir. Matan da ke cikin wannan hali a Nyanya da Mararaba da Mpape, inda ƙurar fasa dutse ma ta ƙaru a kan ta hunturu, ba na'urar miliyan ɗaya ce za ta cece su ba; tukunyar gas da kicin mai taga sun fi kusa da su. Ga wanda yake da wuta amma ba shi da kuɗi, akwai dabarar da Richard Corsi da Jim Rosenthal suka fito da ita a Amurka a 2020, wato a haɗa filtoci huɗu ko biyar su zama akwati a ɗora fanka a kai tana zuƙo iska ta cikinsu. Ba ta da kyan gani, tana da ƙara, amma tana tura iska mai yawa.

Alhaji, mazaunin Gwarinpa:
Malam, abin da ka faɗa game da talakawa gaskiya ne, amma ni tun farko mai hali na ce, kuma kasancewar wani ba zai iya saye ba ba ya mayar da abu marar amfani ga wanda zai iya. Gidaje da yawa a nan suna da sola da batura, kuma na'urar ba ta cin wuta kamar na'urar sanyaya ɗaki. Akwatin da ka ambata kuwa, ina za a samu irin filtocinsa a Abuja, alhali gidajenmu ba su da irin bututun iskar da aka yi su dominsa? In sai an yi odarsu daga waje, arhar ta tafi. Maganar Hajiya ma'aikaciyar jinya a kan janareta na karɓe ta hannu bibbiyu, amma ba hujja ba ce a kan na'urar, gargaɗi ne a kan sakaci.

Injiniya, mazaunin Kubwa:
A kan wuta kuna da gaskiya, ranka ya daɗe. Na'ura mai cin wat 50, in ta yi aiki dare da rana, tana shan yunit 1.2 a yini, wato yunit 36 a wata, kuma ko da farashin naira 225 kan yunit da hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta sanya wa 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba su wuta, a Afrilun 2024, kafin a ɗan rage shi, kuɗin ya kama naira 8,100 ne. Wannan ba ya kayar da mai hali. Abin da ke kayar da shi filta ce. Wa'adin wata shida ko shekara da kamfanoni ke rubutawa an ƙiyasta shi ne da iskar garuruwan da ba su san hunturu ba, mu kuwa ƙurarmu mai kauri ce, tana toshe ragar gaba da sauri, kuma filtar HEPA ba a wanke ta, sai dai a sauya. Tun da aka saki farashin naira a Yunin 2023, duk abin da ake saye da dala ya yi tashin gwauron zabo, kuma filtar na'ura mai tsada ita ma mai tsada ce, sau da yawa ba ta shiga gurbin wata. Wanda bai tambayi kuɗinta da inda ake samunta ba kafin ya biya, zai iya wayar gari da na'urar da ke hura iska ta cikin toshasshiyar takarda.

Uwar yara, Lugbe:
Ina gaishe da iyayena da yayyena. Ɗana yana da asma, shi ya sa nake bin maganar nan da kyau, kuma akwai abin da ban ji an taɓa ba. Gidajen haya da yawa tagoginsu ba sa rufuwa sosai, ƙasan ƙofa kuma a buɗe yake, ta yadda ko an share ɗaki da safe, kafin la'asar ƙura ta sake kwanciya a kan tebur. Shin na'urar za ta iya rinjayar ƙurar da ke shigowa ba tsayawa? Sannan mu mata ba ma rabuwa da turaren wuta, da dare kuma ana kunna maganin sauro mai hayaƙi.

Ma'aikaciyar jinya, Garki:
Ƙanwata, a ɗakin yaro mai asma ki fara da waɗannan biyun kafin ki kashe ko sisi. Turaren wuta da maganin sauro na kunnawa duka konewa suke yi, duk abin da ke konewa kuma yana fitar da irin ɓurɓushin da muke magana a kai, a kusa da hancinsa fiye da ƙurar waje. Gidan sauro mai magani ya wadatar a madadin na kunnawa. Turare kuma, na san ba abin da za a ce wa mace ta bari gaba ɗaya ba ne, amma a turara falo da tufafi lokacin da yake makaranta, a buɗe taga hayaƙin ya fita, kada a kai kasko ɗakinsa. Ki riƙa goge ƙasa da tsumma mai laima maimakon tsintsiya, ki toshe ƙasan ƙofa, ki sa a like gefen tagogi. Ki kuma sani cewa na'urar ba ta ƙara laima a iska, saboda haka bushewar hanci da haɓo na hunturu ba za su tafi dominta ba.

Mai shagon kayan lantarki, kasuwar Wuse:
Hajiya ta Lugbe, in kin gama abin da aka faɗa miki kuma kina so ki saya, ki auno tsawo da faɗin ɗakin yaron ki zo da su a rubuce. Ki sa a kunna miki ita a gudu na tsakiya ki saurari ƙararta, a ciro filtar ki ga ko akwai roba a gefenta, sannan ki sa mai shagon ya nuna miki filtar canji a hannu, ba a hoto ba, ya kuma faɗa miki kuɗinta a ranar. Wanda ya ce sai ya yi miki oda, ki tambaye shi wata nawa take ɗauka kafin ta iso, domin in ta toshe a Janairu ba za ki iya jira har Afrilu ba.