Mece ce "glaze" da Hausa? Ni dai na tsaya a kan maɗin nama

Assalamu alaikum jama'a. Wata kalma ce ta tsaya min a rai tun ranar Juma'a, nace bari in kawo ta nan mu haɗu mu warware. Gwaggona ce tazo gidana ta tarar na gasa cinyoyin kaza a obin, irin waɗanda ake shafa wa zuma da soya sos da tafarnuwa har su fito suna ɗaukar ido, taci biyu tace lallai in turo mata yadda ake yi ta WhatsApp. Ita kuma Gwaggo Hausa take karantawa tsaf, boko da ajami, turanci kuwa ko ɗigo. Na fara rubutu lafiya lau, ki wanke cinya, ki tsane ta, kisa gishiri da masoro, ina zuwa wajen glaze sai na tsaya cak. Me zance mata?

Ga wanda bai san abin ba. Zuma ce ko suga ake haɗawa da wani abu mai gishiri da wani mai ɗan tsami, a ɗora a wuta har ya yi kauri ya kama bayan cokali, sai a shafa wa nama in ya kusa gasuwa a mayar da shi obin, zafi ya ƙarasa busar da ruwan, abin ya manne wa fatar kazar ya zama wani siririn lulluɓi mai danƙo, in kin taɓa ya kama miki yatsa, in haske ya buge shi kiga yana walƙiya. Turawa kalma ɗaya suke wa haɗin da kansa, da aikin shafawar, da kuma kyawun da yake barwa a jikin naman.

Asalin kalmar tasu daga gilashi ta fito, shiyasa ita dai ce suke faɗa wa ruwan da ake shafa wa tangaran kafin a gasa shi ya fito sumul. Irin aikin da Ladi Kwali ta koya kenan bayan ta shiga makarantar ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, ita ce a bayan takardar naira 20. Japanawa ma da suke cewa teriyaki, teri ɗin sheƙi ne, yaki kuma gasawa a wuta. Kun ga duk da ido suka raɗa sunan ba da harshe ba. Shiyasa nima farkon abin da yazo min shine sheƙi.

Amma gwada sa shi a jimla kiji. "Ki zuba sheƙi cokali huɗu." "Ki dafa sheƙin ya yi kauri." Bai zauna ba sam. Sheƙi a wajenmu abin da ido ya gani ne bayan an gama aiki, kamar shadda in ta fito daga wajen masu bugu, babu mai ɗebo shi da cokali. Toh na riƙe shi a gefe, zai yi amfani a ƙarshe, amma ba shine sunan haɗin ba.

Na ga amsoshin da kuka turo min a kan sunan da ya dace da glaze ɗin, Allah ya saka da alheri, bari in bi su.

Masu cewa romon zuma sun fi kowa yawa. Ni gsky ban yarda ba, kuma dalilina a tukunya yake. Romo ruwa ne tsararo, ana kurɓarsa, ana zuba shi a kan gurasa ko shinkafa. In na rubuta wa Gwaggo romo to wlh ruwa zata tsula ta rufe kazar, abin da zai fito farfesu ne mai zaƙi, kuma farfesu mai zaƙi babu mai iya cinsa. Duk sirrin abin nan a rage ruwa yake, sunan da zai sa mutum ya ƙara ruwa ya ɓata girkin tun daga baki. Haka miya, haka sos, su a gefe ake zuba su a dangwala, wannan kuwa a jikin naman yake gasuwa.

Yayana da kace tsimi, na gane inda ka dosa, amma tsuma nama wani mataki ne daban, shine ka cuɗe ɗanyen nama da kayan ƙamshi ka ajiye ya kwana kafin ya ga wuta. Wannan kafin gashi ne, namu a ƙarshen gashi. Sannan kalmar tsimi ta riga ta yi gida a wajen kayan mata, duk wadda taji ta can hankalinta zai tafi.

Wani Malam ya kawo labu, kuma wannan kam na daɗe ina juya ta don kalma ce ta masu sana'a ta gaske. Labu shine kwaɓin tunkuza da kayan yaji da masu kilishi suke tsoma shanyayyen nama a ciki kafin su sake shanya shi su nuna masa wuta. Yana manne wa nama kamar namu, wasu ma suna sa masa ɗan suga. Inda muka rabu shine labu gyaɗa ce ƙashin bayansa, in ya bushe garas-garas yake, ba ya ƙyalli, ba ya danƙo. Kuma Malam, ina jin nauyin in ɗauke wa masu kilishi kalmarsu in liƙa wa abin da ba nasu ba, gobe yaro yaji labu ya rasa wanne ake nufi.

'Yar'uwa daga Damagaram tace su a littattafan girki na Faransanci laqué suke gani, kaza laqué, agwagwa laqué, wato kamar an shafe ta da man da kafinta yake goga wa katako ya yi ƙyalli, wani lokaci kuma glacé daga kalmarsu ta ƙanƙara. Na gode Anti, kin ƙara tabbatar min kowa ido ya bi. Wata kuma tace mu ce gilez kawai mu huta tunda mun ɗauki obin da sos da kek. Ni bana ƙin aro, ai gashi duk rubutun nan obin nake ta cewa. Bambancin shine obin abu ne da Gwaggo take gani a kicin, da an nuna mata sau ɗaya shikenan. Gilez kuwa ba ta gaya mata komai, ba kauri ba zaƙi ba lokacin sawa, sai na sake bin ta da bayani layi uku.

Wadda ta buɗe min kai ita ce Gwaggon da kanta. Na kira ta nake ta kwatance, nace Gwaggo wani abu ne kamar ruwan sugan da ake tsoma dubulan ko alkaki amma da gishiri da tafarnuwa, ana dafa shi ya yi kauri. Tace au, maɗi kike nufi? Nayi shiru.

Yaran yanzu da yawa basu san maɗi ba sai a "zaƙi kamar maɗi". Ɗinya ake samu nunanniya baƙa wuluk, a jiƙa a murje a tace, a ɗora ruwan a wuta ana juyawa yana ƙonewa yana raguwa har ya koma baƙi mai kauri yana bin muciya, in aka ƙara masa wuta ya zama alewa. Ruwan rake ma ta nan yake bi kafin ya daskare ya zama mazarƙwaila, duk wanda ya san ƙasar Makarfi ya san ƙamshin. To ku duba, ruwa mai zaƙi, an rage shi a wuta, ya yi kauri, ya yi duhu, yana danƙo yana sheƙi. Me ya rage? Kalmar tana ɗauke da yadda ake yin abin a cikinta, macen da ta san maɗi ba sai an ce mata kar ta cika ruwa ba, kuma ta san abu ne mai saurin kamawa in an bar shi a wuta.

Wannan na ƙarshen shine ya fi min komai, don nan ne mutane suke ɓarna, nima nan na fara ɓatawa. Ranar farko da na gwada, tun kazar na ɗanya na malale ta da zuma na tura obin. Minti 20 ba a yi ba hayaƙi ya fara fitowa ta gefen murfi, na buɗe na ga fata tayi baƙi ƙirin, gefen tire duk ya zama kamar kwalta, na tsaga cinya ɗaya kusa da ƙashi jini ne jawur. Waje ya ƙone da ɗaci ciki bai nuna ba, kilo guda da rabi na kaza. Daga baya na fahimci dalili, sugan da ya fi yawa a zuma yana fara narkewa ya yi duhu tun wajen digiri 110, sugan shayi sai wajen 160, ita kuwa cinya mai ƙashi tana son minti 35 zuwa 45 a obin mai digiri 200. Zuma ba zata iya jiran kaza ba. Ga kuma soya sos da yake ƙara ingiza duhun, saboda haɗuwar suga da sinadaran furotin a zafi, abin da wani masanin kimiyya Bafaranshe Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912, shine dai yake ba tsire da bayan burodi launinsu da ƙamshinsu. Don haka sai a minti 10 zuwa 15 na ƙarshe ake shafawa.

Na fara cewa maɗin gashi, sai wata ƙanwata a nan ta tsayar da ni, tace Yaya a rubuce fa gashi biyu ne, na kai da na wuta, wanda ya gani zai ɗauka man kitso ne. Gaskiyarki ƙanwata, na janye. Maɗin nama ya fi, kuma yana juyuwa yadda ake so, maɗin kaza, maɗin kifi, maɗin haƙarƙari.

Sai babbar suka, wadda wata Hajiya ta kawo, cewa maɗi zaƙi ne zalla, ina gishirin ina yajin? Hajiya ina ganin kalmar nama ta ɗauke wannan nauyin. Ba Bahaushen da zai ji nama ya ɗauka babu gishiri, kamar yadda in ance yajin tsire kowa ya san da ƙuli a ciki ba barkono kaɗai ba. Kuma na san a ƙarƙashin tambayar akwai wata, wai mu suga a nama? Nima haka na taso ina ji. Amma taushe da kabewa ai da zaƙinta, mutanen Maroko kuma suna dafa naman layya da zuma da zabibi, mrouzia suke ce masa. Abin da yake sa zaƙi ya gundiri mutum a nama shine in babu tsami da yaji da zasu taka masa birki, shiyasa ni tsamiya bata fita a nawa.

Wata kalmar da bamu gama da ita ba ita ce savory ta turanci, wato ɗayan ɓangaren ɗanɗanon wanda ba zaƙi ba. Wasu sunce garɗi, amma garɗi na gyaɗa ne da dafaffen rogo da gasasshiyar masara. Ɗanɗanon da soya sos yake kawowa shine wanda daddawa take ba miyar kuka, dukansu ƙwayoyi ne dangin wake da aka bari suka ruɓa da gangan, wani Bajapane Kikunae Ikeda ya raɗa masa umami a 1908. Ni a saƙona "mai zaƙi da gishiri-gishiri" na rubuta kuma an gane, wanda yake da wadda ta fi ya kawo. Af, in kun ga mirin a girkin teriyaki na intanet ku sani giyar shinkafa ce, ku tsallake ta, zuma da tsamiya sun wadatar.

Ga yadda saƙon ya tafi a ƙarshe. Gwaggo ki samu cinya 8 da fatarsu da ƙashinsu, ta gidan gona, in kazar Hausa ce sai kin ɗan sulala ta tukuna don tauri. Ki tsane su sosai da tsumma mai tsabta, jiƙaƙƙiyar fata bata gasuwa, ki murza gishiri kaɗan da masoro da man gyaɗa, kaɗan fa don soya sos gishiri ne. Ki jera a tire fata na kallon sama kar su hau juna, obin digiri 200, minti 30. Kafin nan ki haɗa maɗin, zuma cokali 4, soya sos cokali 4, ruwan tsamiya mai kauri cokali 2, tafarnuwa 5 da ɗanyar citta da attarugu 1 ki jajjaga, wuta ƙasa-ƙasa kina juyawa har in kin ja yatsa a bayan cokali hanyar ta tsaya bata rufe ba. Ki fito da kazar ki shafa maɗi, ki mayar minti 6, ki sake shafawa ki mayar minti 6, har tayi sheƙi. Ki soka wuƙa kusa da ƙashi, in ruwan ya fito fari tas ba ja ta nuna, mai ma'aunin zafi kuma ya ga 74 ko sama, cinya ma ta fi laushi in ta haura 80 don ba kamar ƙirji bace da yake bushewa. Maɗin da cokalin ɗanyar kaza ya taɓa kar a zuba shi a faranti sai an sake tafasa shi.

Da yake an ɗauke musu wuta ranar, a babbar tukunya Gwaggo tayi nata, yashi a ƙasa da gawayi a kan murfi kamar yadda take gasa kek ɗin sallah. Kuma bata sa zuma ba, maɗin ɗinya na gaske ta aika aka sayo mata a kasuwa, tace ya fi zuma duhu kuma da ɗan tsaminsa don haka ta rage tsamiya zuwa cokali 1. Ranar Asabar zan gwada nata in ɗauko muku hoto.