Neman shawara: kwalejin fasaha ta ƙi karɓar ɗana saboda ba ya ji

Maman Abba: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Ɗana kurma ne, sanƙarau ya kama shi yana ƙarami, ya warke amma ji ya tafi. Firamare da ƙaramar sakandare duk a makarantar kurame ta jiharmu ya yi, ta kwana ce, nesa da garinmu sosai. Mahaifinsa ya rasu, kawunsa ke biyan kuɗin mota da guzuri, yanzu shi ma ya ce nauyi ya yi masa yawa. Yaron Allah ya ba shi hannun wayarin, fanka da soket na gidanmu duk shi ke gyarawa. Na kai shi kwalejin fasaha ta garinmu, shugaban ya ce ba su da mai fassara, mu koma inda ya fito. Can kuma ba a koyar da lantarki. An ce min akwai doka. Wace ce, kuma wa zan kai wa kuka?

Malam mai koyar da kurame: Wa alaikumus salam Hajiya. Dokar ita ce ta hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, ta 2018, wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta ce makarantun gwamnati su karɓe su, kuma kowacce ta sami aƙalla ƙwararren ma'aikaci ɗaya da zai kula da su. Kafin ki motsa ki haɗa sakamakon BECE (jarrabawar kammala ƙaramar sakandare), takardar shaida daga makarantar kurame, da gwajin ji daga sashen kunne, hanci da maƙogwaro na babban asibiti. Ya ci BECE ɗin kuwa? Ba ki faɗa ba.

Barista: Malam, a bi a hankali. Wannan doka ta tarayya ce, kwalejin kuma ta jiha ce. Makarantun jiha majalisar jiha ke yi musu doka, shi ya sa jihohi ke zartar da tasu. Hajiya, fara gano ko jiharku ta yi tata, kuma ko an kafa hukumar aiwatarwa. Doka ba hukuma ba kasafi, takarda ce kawai. Sannan maganar baki ba hujja ba ce. Rubuta takardar neman gurbi, ki yi kwafi biyu, a buga miki hatimi da kwanan wata a kan taki. In sun ƙi, su ƙi a rubuce. Daga nan sai hukumar da ke kula da makarantun kimiyya da fasaha, kwafi ga Kwamishinan Ilimi. Kar ki je SUBEB (hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha), hurumin ilimin bai-ɗaya na dokar 2004 ya tsaya a aji uku na ƙaramar sakandare.

Maman Abba: Ya ci, lissafi ne kawai ya yi rauni. Amma Barista, ni ba na son rigima da shugaban, mutumin unguwarmu ne, kuma da mutunci ya yi min magana.

Malamin wayarin: Shugaban ba mugunta yake yi ba. A ɗakin aiki gargaɗi da baki ake yi: kashe, akwai wuta! Kurma ba zai ji ba. Gyaran kuwa ba tsada: jan ƙwan fitila da zai kama duk lokacin da aka ba benci wuta, malami ya tsaya gabansa ba bayansa ba, a haɗa shi da abokin aiki ɗaya, a rubuta matakai a allo. Inda ake faɗuwa shi ne rubutun jarrabawar NABTEB (hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci ta ƙasa), Turanci da lissafi, ba aikin hannu ba. Ni da za ki ji ta tawa, ki kai shi wajen oga a gari ya koya, daga baya ya zauna gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago, mataki na uku, na biyu, na ɗaya. Mu kanmu a kwaleji waya da fulaya ba su ishi ɗalibai masu ji ba.

Barista: A'a. Haka ake yi kullum, a ture yaro kasuwa, gwamnati ta huta. Takardar NTC, wato shaidar kammala shekara uku a kwalejin fasaha, ita ke buɗe ƙofar foliteknik, gwajin sana'a bai kai ta ba. Hajiya, ki je reshen JONAPWD (haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu buƙata ta musamman) na jiharku su raka ki. In an yi shiru, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, ba a biyan ko kwabo.

Malam mai koyar da kurame: Ko an tilasta musu, mai fassarar daga ina? Masu karanta fannin a kwalejin ilimi ta musamman da ke Oyo da sauran wurare suna fitowa, ba a ɗaukarsu aiki. Kuma alamun da ya koya a makaranta daban suke da maganar hannu ta gida, ba kowane mai yi da kurame zai iya fassara darasin lantarki ba. Jiha guda makaranta ɗaya ko biyu, maimakon kowace shiyya ta sami tata da ɗakin sana'a, wannan ne ciwon.

Maman Abba: Wajen oga kam ba zan kai shi ba, yaran shago tsokanarsa za su yi, na san halin ɗana. Takardar ma ina tsoron ta ja masa tsana in sun karɓe shi dole. Kawunsa ya ce a bari sai baɗi.

Barista: Baɗin ma haka za su ce miki. Wace jiha kike? Faɗa min in duba ko tana da dokar.